Tashar metro ta sama: me ke cikinta, kuma za ta zauna a Yamai?

Ɗan Wadata:

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambayata ga injiniyoyi ce da duk wanda ya san aikin jirgin cikin gari. Hotunan tashar Marina ta Legas suna ta yawo a waya, jirgi tsaye a sama, motoci suna wucewa ta ƙarƙashinsa, kuma alhazanmu sun san irinta a Mina da Muzdalifa da Arfa. Me ke cikin irin wannan tasha ban da wurin tsayawar jirgi? Tsayinta daga kwalta mita nawa ne, kuma yaya ake dasa ta a tsakiyar titi mai cunkoso ba tare da an rufe titin ba? Sannan da a ce wata rana za a yi irinta a nan Yamai, misali a kan Bulbar Mali Bero, me zai fara hana ruwa gudu, ƙasar wurin ce, ko kuran, ko kuɗi? Don Allah a ba ni lissafi, a bar siyasa gefe.

Mai Poto:

Wa alaikumus salam ƙanena. Zan ɗauki ɓangaren gini, na wuta akwai waɗanda suka fi ni saninsa a zauren nan.

A mafi yawan birane tashar sama hawa uku ce. Ƙasa titi ne, ba a cin komai daga cikinsa sai gurbin ginshiƙai da bakin matakala. Hawa na tsakiya zauren tikiti ne, nan ake sayen kati a wuce ƙofofin shiga, nan kuma ɗakunan wuta da na sigina da ofishin shugaban tasha suke. Hawa na sama shi ne dandamali da layin dogo. Tsayin kuwa daga ƙasa ake tara shi. Ana barin kamar mita 5 da rabi tsakanin kwalta da cikin ginin domin kamyo mai lodi ya wuce. A ɗora kaurin putur da dal, daɓen zauren ya kai wajen mita 7. Zauren kansa da gadar da ke ɗauke da layin suna cin wasu mita 5, sannan dandamali yana sama da ƙarfen dogo da kamar mita 1 don ya yi daidai da daɓen tarago. Jimilla fasinja yana tsaye ne a mita 12 zuwa 14 daga titi, tsayin bene mai hawa huɗu ke nan.

Tsawon tasha kuma jirgin ne ke yanke shi. Tarago ɗaya yakan kai mita 17 zuwa 23. Jirgi mai manyan taragu 6 yana son dandamali na wajen mita 140. Na Dubai mai tarago 5 kimanin mita 85 ne, na Mina mai tarago 12 ya doshi mita 300. Mai hankali ko da tarago 3 zai fara, dandamalin 6 yake ginawa tun farko, domin ƙara tsawon tasha a sama alhali jirgi yana aiki wahala ce mai tsada ƙwarai. Dandamalin iri biyu ne: ɗaya a tsakiyar layuka biyu, ko biyu gefe da gefe. A sama an fi yin na gefe da gefe, saboda layukan suna wucewa a miƙe, ba sai an buɗe gadar ta yi ciki kafin tasha da bayanta ba. Abin da ake biya a madadin haka shi ne ninka matakala da asansar.

Yanzu ga yadda ake dasawa. Kafin komai ana huda ƙasa a gurbin kowane poto a ciro samfuri, ba a yarda da cewa ai ƙasar unguwar ɗaya ce. Sai a killace tsakiyar titi da kwano, faɗin mita 8 zuwa 9, motoci su matse a gefe biyu. Kafin injin haƙa ya sauka, leburori suke fara tona rami da hannu don gano bututun ruwa da wayoyin wuta da na tarho da magudanai. Wannan matakin da ba ya fitowa a hoto shi ya fi jinkirta irin waɗannan ayyuka a ko'ina, domin taswirar abin da ke binne ba kasafai take dacewa da abin da ke ƙasa ba.

Ƙarƙashin kowane poto akwai turaku na beto, yawanci 4 zuwa 6, kowanne faɗin mita 1 ko ɗan fiye, zurfin mita 15 zuwa 30 gwargwadon inda aka iske ƙasa mai ƙarfi. Ana haƙa ramin cike da ruwan laka na musamman da ke hana bangonsa zubewa, a zura kejin ƙarfe, sannan a zuba beto ta cikin bututu daga gindi zuwa sama, beton yana turo lakar waje. Ɓarnar da ta fi aukuwa a nan ita ce a ja bututun ya fita daga cikin beton da aka riga aka zuba, ko motar beto ta makara. Sai laka ta shiga tsakiya, turken ya tsuke a wani wuri da ido ba ya gani. Shi ya sa ake gwada turaku da na'urar sauti, wasu kuma a ɗora musu nauyi a auna nutsewarsu. A kan turakun ake zuba faffaɗar hula ta beto, a kanta poto ya tashi, kaurinsa mita 1 da rabi zuwa 2. In an gama, mita 2 da rabi zuwa 3 kawai ake riƙewa a tsakiyar titi.

Gadar kanta ba a titi ake zuba ta ba. Ana buɗe fili a bayan gari, a zuba ta guntu-guntu, kowane guntu wajen mita 3, a kawo su da dare. Wani dogon injin ƙarfe da ke tafiya a kan potunan shi ke ɗaga su ya jera, a shafa gam a fuskokinsu, a zura igiyoyin ƙarfe ta cikinsu, a ja da jak har su zama abu guda, sannan a cika ramukan igiyoyin da ruwan siminti don kada tsatsa ta shiga. Tsakanin poto da poto mita 25 zuwa 35 ne a kan layi, a cikin tasha kuwa ana matso da su saboda nauyi. Gadar ba a manne take da poto ba, a kan matashin roba mai faranti na ƙarfe take zaune, domin tana miƙewa da rana tana tsukewa da dare.

Game da Yamai, ƙasa ba za ta hana ba. Tudun da yawancin gari yake kai, wannan gaɓar kogi, ƙasa ce mai ɗaukar nauyi. Kwarin Gunti Yena da Harobanda su ne za su nemi turaku masu zurfi da bakin matakala da aka ɗaga sama da kwalta, duk wanda ya ga ambaliyar 2020 ya san dalili. Zafi ne abin lura. Beton da aka zuba da tsakar rana a watan Afrilu yana bushewa kafin ya nuna, ya tsattsage. Da dare ake zubawa, a sanyaya ruwan kwaɓi ko da ƙanƙara ce, a lulluɓe da buhunan da ake jiƙawa aƙalla kwana 7, a fasa samfuri a kwana 7 da kwana 28 a ga ƙarfinsa. Siminti muna da shi a Malbaza, amma kowane kaso sai an gwada, yashin kogi kuma sai an wanke shi daga laka. A Mali Bero akwai wani abu kuma: eshanjer. Layin dole ya haye samansa, ƙarin wajen mita 7 ke nan. Jirgi ba ya hawan gangaren da ya wuce kashi 3 zuwa 4 cikin 100, don haka hawan kaɗai zai ci mita 200, saukar ma haka, kuma ba a ajiye tasha a kan gangare. Ka ga tashar ba za ta samu zama daidai mahaɗar da jama'a suka fi so ba.

Hajiyar Lissafi:

Sannu da ƙoƙari Malam Mai Poto, bayani ya yi. Sai dai ni a ganina beto ba shi ne ke kayar da tasha ba. Mita 13 ɗin nan da ka ambata, hawa da saukarsu su ne aikin.

Ɗana, ɗauki biro. Jirgi ya iso tashar kasuwa da safe, mutum 400 suka sauka, na bayansa yana tafe nan da minti 3. Kana son dandamali ya washe cikin minti 2, wato mutum 200 a minti. Matakala mai tafiya da kanta, mai faɗin mita 1, tana gudun rabin mita a daƙiƙa, tana kwashe wajen mutum 100 a minti. Matakalar ƙafa kuwa kowace mita ɗaya ta faɗinta tana wuce da kamar mutum 35 a minti in ba a son turereniya. Ke nan wannan dandamali ɗaya yana son mai tafiya guda da matakalar ƙafa mai faɗin mita 3, kuma masu sauka kaɗai muka lissafa, ba mu sa masu hawa ba. A zauren tikiti kowace ƙofa tana wuce da kamar mutum 25 a minti, ƙofa 8 ke nan don fita kawai. In aka sa 4 don tsimi, layi zai taru ya komo har bakin matakalar. Haɗarin yana nan: matakala mai tafiya ba ta san gaba ta cika ba, zubo mutane take ta yi a kan na gabansu. Don haka ake barin fili na mita 6 ko fiye tsakanin bakinta da ƙofofi, ba kanti, ba teburin mai sayar da kati, ba allon talla.

Wannan lissafin ranar lafiya ne. Na ranar gobara ya fi shi tsanani. Ƙa'idar Amurka da ƙasashe da yawa suke bi, NFPA 130, ta ce a iya kwashe kowa daga dandamali cikin minti 4, a kai shi wurin tsira cikin minti 6, kuma kada tazarar mutum da mafita mafi kusa ta wuce mita 100. A cikin lissafin ana ɗauka cewa matakala mai tafiya guda ta lalace, kuma ba a yarda irinsu su zama fiye da rabin hanyar fita ba. Ana kuma ɗauka cewa jirgi ɗaya ya makara, jama'ar jirgi biyu ta taru. Daga nan faɗin dandamali yake fitowa, mita 3 da rabi zuwa 4 da rabi ga na gefe a tasha matsakaiciya, ban da gurbin matakala.

Tunda ka ambaci Mina, ita ce makarantar wannan fanni. An buɗe layin a 2010, tsawonsa kilomita 18, tasha 9, uku-uku a Mina da Muzdalifa da Arfa. Jirgi ɗaya yana ɗaukar alhazai 3,000, an tsara layin ya kwashe 72,000 a awa ta fuska ɗaya. Raba ka gani: jirgi 24 a awa, ɗaya kowane minti 2 da rabi, mutum 1,200 a minti. Ba matakalar da za ta iya da wannan in aka saki jama'a yadda suka ga dama. Abin da ya sa yake tafiya shi ne ana tsare mutane a farfajiyar jira, a sake su rukuni-rukuni daidai cikin jirgi ɗaya, hanyar shiga daban ta fita daban, kowace tawaga da lokacinta. Amma kada a ɗauke shi abin koyi ga gari. Kwanaki kaɗan yake aiki a shekara, kowa fuska ɗaya ya nufa, kuma da dubban ma'aikata a tsaye.

Akwai abubuwan da littattafan Turai ba za su tuna maka ba. Mutanenmu da kaya suke tafiya, buhu, kwando, kwali daga Katako, goyo a baya. Ƙofar tikiti ta yau da kullum santimita 55 zuwa 60 ce, ba ta wuce da mai buhu. Mai faɗin santimita 90 da akan sa guda ɗaya don keken guragu, a nan sai an sa biyu ko uku. Asansar kuma ɗaya a kowane gefen titi zuwa zaure, ɗaya daga zaure zuwa kowane dandamali, mai girman da zai ɗauki gadon ɗaukar marar lafiya. Sai tufafi. Babbar riga, dogon hijabi, gefen zane, silifas na roba, duk abincin matakala mai tafiya ne, ta gefe take kama su ko a haƙoran bakin sauka. Maganinsa buroshi a gefe biyu, zanen rawaya a kan kowane taki, maɓallin tsayarwa sama da ƙasa inda hannu zai kai, da ma'aikaci a tsaye a watannin farko. Wurin alwala da salla da ban ɗaki ma a sa su cikin zane tun farko, a wajen ƙofofin tikiti, nesa da hanyar wucewa. In ba a ba su wuri ba, jama'a za su zaɓa da kansu, kuma filin nan na mita 6 za su zaɓa.

Ratar da ke tsakanin tarago da bakin dandamali ana so kada ta wuce santimita 7 da rabi. A kan kwana ba ta samuwa, shi ya sa ake neman miƙaƙƙen wuri don tasha.

Ba'adare:

Gaisuwa ga manya, Hajiya da Malam. Ɗan Wadata ya tambayi mi zai fara hana ruwa gudu, ni amsata kuran ne, kuma ba yawansa kaɗai ba, tsayuwarsa.

Jirgi mai tarago 6 in zai tashi daga tasha yana jan megawat 2 zuwa 4 na ɗan lokaci, ya saki, wani ya ja. Layi ba ya rataya ga wayar unguwa. Ana kawo masa wuta daga manyan tashoshin wuta guda biyu da ba su dogara da juna ba, ya yi nasa zoben waya a bisa gadar, sannan kowane kilomita 2 ko kusa a sa ɗakin da ke mayar da ita DC mai volt 750. An tsara shi yadda in ɗaki ɗaya ya mutu na gefensa biyu su ɗauki nauyinsa. Gurup ɗin da ake ajewa a tasha na fitilu ne da asansar da famfon gobara da lasifika, ba ya jan jirgi. Sigina da sadarwa kuwa a kan batir suke, domin ko ƙiftawar ido ba a so su ɗauke.

Ka ƙaddara wuta ta ɗauke ƙarfe 2 na rana a watan Mayu, jirgi cike yana tsakanin tasha biyu, mita 12 a sama, tagogi ba sa buɗewa. Kilim ya tsaya, batirin jirgi fanka da fitila kaɗai yake riƙewa. Cikin mintoci kaɗan tarago ya zama abin tsoro. Akwai siririyar hanyar ƙafa a gefen gada, santimita 70 zuwa 80, da ake bi a taka zuwa tasha, amma ba a buɗe ƙofa sai an tabbatar an kashe dogo na uku, wato ƙarfen da ke ba jirgi wuta a gefen layi, an ɗaure shi da ƙasa, don kada wuta ta dawo mutane suna kai. Wanga shi ne dalilin da ya sa ba a wasa da batun hanya biyu. Yamai ta daɗe tana samun kaso mai yawa na wutarta daga Najeriya ta layin Birnin Kebbi, kuma da aka yanke shi a watan Agusta na 2023 kowa ya ga abin da ya biyo baya. Akwai Goru Banda, injinan da aka buɗe a 2017 da filin hasken rana mai megawat 30 da ya zo a 2023, ana kuma jiran madatsar ruwa ta Kandaji. Sai dai cunkoson yamma yana kaiwa har bayan magariba, lokacin da rana ta faɗi kuma gari duka yake jan wuta.

Wani zai ce a shimfiɗa pano a rufin tasha. A shimfiɗa, yana da amfani. Rufi mai mita 140 a 20 zai ba da kilowat 400 zuwa 500 da tsakar rana in ana wanke shi. Ya ishi fitilu da asansar da matakala. Bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu na tashin jirgi guda ba.

Ta wanga fanni tashar sama ta fi ta ƙarƙashin ƙasa sauƙi nesa ba kusa ba. Iska da haske kyauta ne, ba fankokin fitar da hayaƙi, ba famfunan zuƙe ruwa dare da rana. Dubai da ta buɗe nata a 2009 ta rufe tashoshinta ruf da gilashi ta sa kilim, da ƙofofi a bakin dandamali. Mu ba sai mun bi ta ba. Rufi mai tsawo mai rufin ciki da ke tare zafi, gefuna a buɗe, fankoki manya, ya wadatar.

Wutar jirgi ko dai ta dogo na uku a gefen layi, kamar Legas da Dubai, ko ta waya a sama kamar Mina mai volt 1,500. Dogo na uku bai damu da guguwa ba kuma gyaransa kaɗan ne, amma duk wanda ya sauka kan layi ɗauko waya ko takalmi ya taɓa shi, shi ke nan. Ga kuma matsalar da ba a gani. Wutar DC ta ƙarafan dogo take komawa, kuma an raba su da beto da faifan roba. Ƙurar hunturu takan kwanta a kansu wata da watanni, ruwan farko ya mayar da ita laka, wutar ta samu hanyar zurarewa cikin ƙarfen gada da bututun ruwan gari, tana cinsu a hankali. Wanke layi kafin damina aiki ne na dole, haka auna zurarewar.

Ƙurar nan dai ita ce ke cin sarƙar matakala mai tafiya, ta toshe matatar kilim ta ɗakunan sigina, ta cije ƙofofi. A sayi matakala irin ta waje mai jure aiki, kada a kawo irin ta kanti, a yi mata rumfa, a yi wa raminta magudana. Ɗakin batir kuma kilim biyu, ɗaya na aiki ɗaya na jira, domin batirin dalma duk ƙarin digiri 10 bisa 25 yana rage rabin ransa.

Ƙarfen dogo a rana yana fin iska zafi da digiri 15 zuwa 20. In gari ya kai 45, shi ya haura 60, da asubar hunturu kuma ya sauko wajen 15. Kowace mita 100 tana miƙewa milimita 12 a duk digiri 10. Tunda a haɗe yake da walda ba ya samun wurin miƙewa, don haka ake ɗaure shi a wani zafi na tsaka-tsaki da aka lissafa. A ɗaure da sanyin safiya ya lanƙwashe a bazara, a ɗaure da tsakar rana ya tsinke a hunturu.

Ɗan Wadata:

Allah ya saka da alheri, Hajiya da yayyena. To tunda matakala mai tafiya ga cin wuta ga tsoron ƙura, me zai hana a yi gangare kawai kowa ya taka? Kuma dogon da aka shimfiɗa zuwa Doso, ba za a iya ɗora metro a kansa ba?

Mai Poto:

Gangaren da mai keken guragu zai iya hawa bai wuce mita 1 na tsayi a cikin mita 12 na tsawo ba. Zuwa zaure kaɗai, mita 7, ya zama mita 84, da wuraren hutawa ya doshi 100. Daga zaure zuwa dandamali kusan haka kuma. Wannan fili babu shi a bakin kasuwa. Abin da ake yi in ana tsimi shi ne matakalar ƙafa mai faɗi, taki santimita 15 zuwa 16, da wurin hutawa bayan kowane taki 12 ko kusa, asansar mai kyau, sai mai tafiya guda ɗaya ta hawa kawai. Sauka a yi ta da ƙafa.

Dogon Doso, wanda aka yi tsakanin 2014 da 2016, wajen kilomita 140, faɗinsa mita 1 ne, layi ɗaya, a ƙasa, ba wuta. Yawancin metro na yau milimita 1,435 ne, layi biyu, a killace. Ƙarfen ba zai yi ba. Abin da ke da daraja a wurin shi ne filin da layin ya bi, in an hana gini ya cinye shi.

Na manta ruwan sama ɗazu. Rufin nan da Ba'adare ya auna, murabba'in mita 2,800 ne. Ruwan milimita 50 cikin awa ɗaya, wanda ba baƙo ba ne a Agusta, lita 140,000 ke nan daga rufi ɗaya. Bututun saukar da shi ta jikin poto yake bi zuwa magudana. In leda da ƙura suka toshe shi, ruwan ya bi ta tsagar da ke tsakanin gada da gada, ya zauna a kan matashin roba, ya zubo kan masu babur. A yi bututun da faɗi, a bar masa bakin dubawa, a share kafin Yuni. Rufin kuma iskar da ke gaban hadari daga ƙasa take ɗaga shi, don haka ƙusoshin gefe da kusurwa ake ninkawa.

Dubawa kuwa har abada ce. Ranar 3 ga Mayu 2021 gadar Layi na 12 a birnin Meziko ta karye kusa da tashar Olivos da jirgi a kanta, mutum 26 suka rasu. Binciken ya nuna ƙusoshin da ke haɗa putur na ƙarfe da dal na beto, wasu waldarsu ba ta yi ba, wasu ba a ma sa su ba, kuma layin bai cika shekara 10 da buɗewa ba. Abu ne da beto ya rufe. Mai duba aiki dole ya zama ba yaron ɗan kwangila ba, kuma ya sa hannu kafin a zuba, ba bayan an zuba ba.

Hajiyar Lissafi:

Saura tambayar da ta riga duk waɗannan: akwai mutanen? Jirgi mai ɗaukar 1,500 kowane minti 3 yana kwashe 30,000 a awa ta fuska ɗaya. Don irin wannan adadi ake ɗaukar tsadar metro, kuma a kimance ginin sama yana ninka na ƙasa sau biyu ko fiye, na rami kuma ya ninka na saman. Ƙidayar 2012 ta ba Yamai mutum miliyan ɗaya da ɗan kai. Garin ya ƙaru sosai tun daga nan, amma a shimfiɗe yake ƙaruwa, gidaje ƙasa-ƙasa, kuma tasha tana cin abincinta ne daga waɗanda ke iya takowa cikin minti 10, wato mita 700 zuwa 800. A zafin Afrilu ma a rage. Legas da yawan jama'arta ta fi shekara 10 kafin ta buɗe kilomita 13 da tasha 5 daga Marina zuwa Mile 2 a Satumba 2023. Dakar kuwa jirgin ƙasa ta fara yi zuwa Diamniadio a ƙarshen 2021, ta bi da manyan bas masu lantarki a kan hanyarsu ta kansu a 2024. Ni da za a tambaye ni, irin ta Dakar ta biyun zan ce a fara da ita, a kuma tsare tsakiyar manyan tituna mita 3 ɗin nan da fili mai kadada da yawa a ƙarshen layi don garejin jirage, ko da ba a gina komai ba yanzu.

Ko an gina, rabin nasarar tasha a ƙasa take. Jirgi ya sauke 400, kashi mai yawa faba-faba ko taksi ko babur za su nema. In ba a yanka musu wurin tsayawa a gaba da bakin matakala da mita 30 zuwa 50 ba, a bakinta za su tsaya, masu talla su biyo inuwar gada, titin da aka ce za a sauƙaƙa ya ƙara cushewa. Bakin matakala a gefe biyu na titi ake sa shi, a bar wani sashe na zauren a buɗe ba tikiti, ya zama gadar tsallaka titi ga kowa.

In kana son ka san inda Mali Bero take a wannan ma'auni, ɗana, abu ne da ɗalibai goma za su iya. A tsaya a wuri uku a kan titin, ranar Talata da Laraba, lokacin da makarantu suke buɗe, ba cikin azumi ba, daga ƙarfe 6 da rabi zuwa 9 na safe. A ƙirga mutanen da ke cikin abin hawa, kada a ƙirga motocin, kowace fuska daban, a rubuta kowane minti 15. A ɗauki rubu'in awa huɗu a jere da suka fi yawa a haɗa. In adadin fuska ɗaya bai kai 10,000 ba, bas mai hanyarta za ta ɗauke shi. Daga 15,000 zuwa sama ne ake fara zancen poto.